Abin da Nake Roƙa wa Nanpon

Laraba, da yamma

Ruwa tun azahar. Ban sayar da rabin gwaten ba, na kwaso tukunyata daga bakin titin jirgi na dawo gida. Na tarar da Nanpon zaune a ƙasa bayan ƙofa, takalmi a ƙafa ɗaya. Ɗana ne, shi kaɗai Allah ya bar mini, kuma na san shi ba mai zaman ɗaki ba ne da rana. Rigar ƙungiyar masu keke napep ce a jikinsa, amma ba tasa ba ce. Lambar da ke bayanta ta abokinsa Naziru ce.

Na ce ina keken. Ya ce ya bar shi a hanya.

"Mama, mutane sun taso. Har na ji wani yana cewa a kawo taya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni ma ban ƙara tambaya ba. Duk wanda ya zauna a Legas ya san abin da ke biyo bayan wannan maganar. Na cire masa rigar kamar yana yaro, na wanke ta, na shanya a cikin ɗaki. Da ta sha iska na naɗe ta na cusa a ƙasan buhun acca.

Alhamis, da hantsi

'Yan sanda sun tafi da Naziru.

Keke ɗaya suke tuƙawa shi da Nanpon. Nanpon na safe, Naziru na rana, kowa da rigarsa mai lamba, don yaran ƙungiya ba fuska suke dubawa ba, bayan riga suke dubawa. Jiya zazzaɓi ya kwantar da Naziru a ɗakin da suke kwana da samarin ƙauyensu, sai ya ce wa Nanpon ya yi masa nasa aikin. Sun saba haka, ba yau farau ba. Mutanen da ke wurin lamba suka gani tana gudu, ƙungiya kuma ta ce lambar ta Naziru ce.

Matar da keken ya buge mai tallar burodi ce, ana ce mata Iya Risika. Tana asibiti, ba ta san inda take ba.

Yayar Naziru, Halima Sa'adiya, ɗakinta na kallon nawa. Ni Maman Nuriyya nake ce mata. Tun ɗazu nake jin kukanta ta bango, kuma ban fita ba.

Alhamis, da la'asar

Na ce ya ci abinci. Bai ci ba.

Asabar, da safe

Maman Nuriyya ta shigo ina tace kunu. Mun yi shekaru muna arar gishirin juna, ta ba ni naman Sallah in ba ta shinkafar Kirsimeti, amma ba ta taɓa roƙona abin da ta roƙa yau ba. Ta ce ita ta yi nata, malaminsu ma yana yi, amma ta ji matan gidan nan na cewa addu'ata ba ta faɗuwa ƙasa. In taimaka in sa ƙanenta a ciki.

A da in an faɗa mini haka kaina kan yi girma, in ce ai ikon Ubangiji ne, a raina kuwa ina jin daɗi. Yau kuwa na kau da kai na ci gaba da tace kunu.

Na riƙe hannunta na rufe ido. Na roƙi Allah ya ba Naziru lafiya, ya ba shi haƙuri, ya sa a ji tausayinsa. Na zaga na zaga kamar mai tsallake kwata da sabon zane. Ban ce a sake shi ba. Na san in aka sake shi, wani za a nema. Ta ce amin, ta yi godiya har da ɗan durƙusawa.

Lahadi, bayan sujada

Na je coci don kada a yi ta cigiyata, a ce ina Magdalina ta shiga. Da muka miƙe muna Addu'ar Ubangiji gaba ɗaya, na zo daidai wurin da ake cewa a yi nufinsa, sai tari ya kama ni. Tarin gaske ne, ba na ƙarya ba, amma na ji daɗin zuwansa. Tun ina yarinya a Langtang nake faɗin wannan wurin ba tare da na ji nauyinsa ba. Ashe ba a taɓa ɗora mini kaya a kai ba ne.

Ina tsoro. In nufinsa shi ne ɗana ya shiga inda Naziru yake fa?

Talata, da asuba

Na fara azumi. In zan faɗi gaskiya ciniki nake yi da Allah, irin wanda nake yi da masu tattasai a kasuwar Mile 12. Na ce ya tashi Iya Risika, amma ya shafe mata abin da ta gani. Na ce ya sa 'yan sanda su gaji su watsar da maganar. Na ce in ya yi mini haka zan riƙa share coci har ƙarshen shekara, in kuma daina zagin mai gida in ya ƙara kuɗin haya. Na tuna masa cewa ni gwauruwa ce, shi ya ɗauke mijina Elkana ya bar ni da yaro, saboda haka yana da hakkin ya duba ni.

Na tashi daga durƙuso gwiwoyina na ciwo, zuciyata kuma tana nan inda take.

Laraba, da rana

Iya Risika ba ta farka ba.

Alhamis, da yamma

Yau Zumuntar Mata. Mama Fibi, shugabarmu, ta ji labarin Naziru a wurin masu nama, ta kawo shi cikin roƙe-roƙen addu'a. Ta ce ƙanen maƙwabciyar 'yar'uwarmu ne, an kama shi a kan laifin wani, shi kuma mai laifin ya ɓuya. Sai ta ce ni Magdalina in ja addu'ar, tunda a gidanmu abin yake.

Na fara a hankali. Kafin in kai ko'ina matan sun ƙwace addu'ar daga bakina. Ba ka san ƙarfin muryar matan nan ba sai ranar da take kanka. Wata ta ce Ubangiji ya tone shi duk ramin da ya shiga. Wata ta ce a hana shi barci, a hana shi jin daɗin abinci har sai ya fito. Rahamatu mai kitso, wadda ko ranta bai kai na sauro ba, ita ce ke buga ƙafa tana cewa ƙasa ta yi masa zafi. Kowa na amin, ni ina riƙe da benci.

Na fito ina jin haushinsu duka. Me suka sani? Ɗan wa suke zagi? Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, su ba su yi laifin komai ba.

Na dawo na tarar da tuwon da na bar masa da safe a rufe yadda na bar shi.

Juma'a, da safe

Ba ya barci. Ina jin juyinsa a tabarma. Na ce wa 'yan gida zazzaɓi yake yi, shi ya sa ba ya fita.

Asabar, da la'asar

Maman Nuriyya ta dawo daga kai abinci ofishin 'yan sanda, ta zauna a bakin ƙofata ba ta ko cire mayafi ba. Ta ce Naziru ya rame, fuskarsa ta kumbura gefe ɗaya. Abin da ya fi damunta shi ne taurin kansa. Yana cewa ba shi ba ne, in an ce to wa ka ba rigar sai ya sunkuyar da kai. Ta yi masa kuka, ta haɗa shi da darajar iyayensu, ya ƙi. Tana zargin wani yaron ƙauyensu ne, cikin masu karɓar keke su ɗan zaga in mai shi ya gaji.

Sai ta dube ni ta ce, "Maman Nanpon, shi Nanpon bai ga wanda ya karɓa ba ranar?"

Na ce, "Ai kin san shi safe yake fita."

Ban yi ƙarya ba. Na duba maganar ta kowane gefe, babu ƙarya a cikinta, kuma tun da na faɗe ta bakina ke ɗaci.

Da za ta tashi ta ce Naziru ya ce a gaishe ni, ya yi kewar gwatena. Ya kuma ce a faɗa wa Nanpon ba komai. Ita ta ɗauka maganar keken da aka riƙe yake yi. Nanpon na ciki, labule ne kawai tsakaninmu, na san ya ji.

Lahadi, da rana

Ban je coci ba. Na ce kaina ke ciwo.

Litinin, da yamma

Wannan ban so rubutawa ba.

Wata mai sayen kunu ta ce jikin Iya Risika ya tsananta, har an kira 'ya'yanta. Kafin in ce wayyo, wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Sanyin jin daɗi. Ita kaɗai ta ga fuskar mai tuƙin kusa da kusa. Bai daɗe ba, amma na ji shi, kuma wanda nake yi wa azumi ya ji shi.

Ban taɓa buɗe baki na roƙi mutuwar kowa ba. To amma me nake roƙa duk kwanakin nan? Matar nan burodi take ɗauka a ka cikin ruwa don ta ciyar da nata, kamar yadda nake ɗaukar tukunya. Ko sau ɗaya ban roƙa mata lafiya ba tare da na ɗaura sharaɗi a wutsiya ba.

Na karya azumin da ruwa. Ban ga amfanin yunwar ba.

Laraba, da hantsi

Mama Fibi ta zo duba ni. Tsohuwar nan 'yar Zonkwa ce, ta yi aikin goge-goge a asibiti har ƙafafunta suka gaji, kuma idonta ya fi na likitocin gani. Ta dubi Nanpon ta dube ni, ta nemi kujera.

Na ce mata ina da wata damuwa, na yi azumi na yi kuka, sama ta zama kamar kwanon rufi. Na ce ko Allah ya daina jin gwauraye ne. Ta yi dariya ta ce ni dai bakina ba zai mutu ba. Ta ce Allah ba ɗan aike ba ne da za a ba shi saƙo a ce kada ya buɗe. Yakan duba abin da aka roƙa, ya kuma duba dalilin roƙon. Ta ce ita da ta tsufa ta rage yawan magana a addu'a, tambaya ɗaya take yi wa kanta kafin ta durƙusa.

"In ya ba ki abin da kike roƙa, wa zai yi kuka?"

Na ce ruwan zafi na kan wuta, na tashi. Babu komai a kan wuta.

Alhamis, da asuba

Wa zai yi kuka. Wa zai yi kuka. Na san sunayensu ai, ɗaya ma ɗakinta na kallon nawa.

Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni na haife shi. Ba da gangan ya yi ba, ruwa ake yi, titi da santsi, motar haya danfo ta matse shi. Da ya tsaya ranar, da toka zan kwasa. Ubangiji, kai ma ka sani.

Juma'a, da yamma

An ce ranar Litinin za a kai Naziru kotu, daga can sai gidan yari kafin a ga yadda jikin matar zai yi. Maman Nuriyya ta sayar da keken ɗinkinta don lauya. Ina kallo aka fitar da shi a baro.

Wani ɗan ƙungiya kuma ya zo har ƙofar gida yana tambayar Nanpon, wai an kwana biyu ba a gan shi a tasha ba. Na ce zazzaɓi. Ya ce Allah ya sauwaƙe, amma ya daɗe yana kallon labulen.

Na yanke shawara. Gobe zan sa shi a mota ya tafi Langtang wurin kawunsa, ya yi noma har maganar ta mutu. Na kira ƙanena na ce yaron na bukatar canjin iska. Na faɗa wa Nanpon, bai ce e ba bai ce a'a ba. Tun ranar nan haka yake, sai inda na juya shi.

Asabar, da magariba

Bari in rubuta yadda aka yi.

Mun fita ta bayan gida da hantsi, muka shiga danfo zuwa Ojota. Tasha cike, masu lodi na jan jaka, masu burodi na bin tagogi. Duk wadda ta zo kusa da faranti a ka sai ya kau da fuska. Na saya masa kujera a motar Jos, aka ɗaura jakarsa a baya.

A gidanmu ba a tafiya sai babba ya ɗora wa mai tafiya hannu a ka. Haka uwata ta yi mini ranar da zan zo Legas, haka na yi wa Elkana duk lokacin da zai ɗauki tirela daga Ijora. Muka koma gefen wani shago, ya sunkuya, na ɗora hannu. Na buɗe baki zan ce Ubangiji ya kai shi lafiya ya rufa masa asiri, sai ya riƙe hannuna.

"Mama, abeg, tsaya. Me za ki roƙa mini? Faɗa mini tukuna, don in san ko zan iya cewa amin."

Na ce wane irin rashin kunya ne wannan, a tasha. Ya ce kullum yana jina da asuba, yana jin duk abin da nake cewa, kuma ko sau ɗaya bai iya cewa amin ba. Ya ce shi ma ya gwada nasa, da ya rufe ido Naziru yake gani.

Mai lodi na ta kiran saura mutum ɗaya. Ni ga ni tsaye da hannu a kan ɗana, babu kalma ko ɗaya a bakina, ni da ake cewa addu'ata ba ta faɗuwa ƙasa. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, har fitsari ya matse ni. Abin da ya fito daga baya ba shi da tsawo, ba shi da daɗin ji.

Na ce, "Uba, ka san abin da nake so. Ina so ɗana ya tsira. Amma ba a kan ɗan wata ba. In tafiyar nan ba daga gare ka take ba, kada ka bar shi ya hau. Ka yi yadda ka ga dama da mu, sai dai kada ka sake hannunsa."

Ya ce amin da ƙarfi, har wani mai sayar da caja ya waiwayo. Sannan ya je ya ce a kwance masa jakarsa. Mai lodi ya zage mu da Yarbanci, ya ce kuɗi ba ya dawowa. Ban ko tanka ba, ni da ba a zagina in yi shiru.

A danfo ya yi barci a kafaɗata tun daga Ketu har Agege. Ni ce ban runtsa ba.

Lahadi, da yamma

Bayan sujada muka faɗa wa Fasto, ya ce zai raka mu ofishin 'yan sanda, Mama Fibi ma ta ɗaura ɗankwali ta biyo mu ba wanda ya kira ta. Ni na ciro rigar daga buhu da hannuna. Duk ta yi farin garin acca, na tsaya ina kakkaɓewa kamar wani zai duba tsabtarta.

Ya ci tuwo kafin mu fita, har ya nemi ƙari.

Da ƙafarsa ya shiga. Mu uku muka dawo.

Litinin, da asuba

Ɗakin ya yi faɗi. Na durƙusa, ban san abin da zan ce ba, na roƙa wa Iya Risika lafiya, lafiya kawai, ta tashi da hankalinta duka ko da me za ta faɗa. Da na faɗi haka jikina ya yi sanyi don tsoro. Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Lauyan da Fasto ya samo ya ce zuwa da kansa da ya yi zai taimaka, amma komai ya rataya ga jikin matar. Har yanzu ba ta farka ba.

Talata, da azahar

An saki Naziru jiya da yamma. Ya zo wucewa ta ƙofata yana ɗingishi, ya rusuna ya ce Mama ina wuni, kamar daga kasuwa ya dawo. Yayarsa ta ja hannunsa suka shige, ta saki labule.

Duk gidan nan an sani yanzu. Da na fito ɗiban ruwa hira ta tsaya. Ban damu da su ba, su ci kansu. Ita kaɗai ce ba na iya haɗa ido da ita. Na riƙe hannun matar nan na yi mata addu'a ina sane. Tun jiya ba ta gaishe ni ba, ni ma ban ga fuskar da zan gaishe ta da ita ba.

Talata, da yamma

Na dafa gwate na zuba a kula, na sa cokali, na ɗaure a leda. Ban taɓa kai wa kowa abinci a irin wurin nan ba, ban san ƙofar da ake bi ba. Na tsaya a tsakar gida ina gyara ɗaurin leda da ba abin da ya same shi.

Maman Nuriyya na tsugune a bakin famfo tana wanke wa Naziru kaya, ta ba ni baya. Ba ta juyo ba. Na ɗauka da Nuriyya take magana, sai da na ji abin da take cewa.

"Ba a shiga da cokalin ƙarfe. Ki sake leda, ba sa karɓar baƙa. Za su sa ki ɗanɗana a gabansu, kada ki nuna kin ji haushi. Ki bi ta ƙaramar ƙofa, ki yi sauri kafin su canja masu gadi, na yamman ba shi da mutunci."

Na ce, "Maman Nuriyya."

Ta ce, "Ban gama fushi ba. Ki tafi, yaron na jin yunwa."

Na koma ɗaki na canja cokalin.